Ƙwan Fitila Mai Jin Umarni da Lissafin Wutarsa a Ƙasar Rano da Kibiya



Abin da aka nemi in yi magana a kansa ƙaramin abu ne, har yana shiga tafin hannu, watau ƙwan fitilar lantarki. Amma ba kowane ƙwai ba. Akwai wani iri da ya shigo kantunanmu, wanda ake kunna shi, a kashe shi, a rage haskensa ko a ƙara, har ma a sauya masa launi, duk daga wayar hannu, ba tare da an taɓa makunni ba. Masu sayarwa suna ce masa mai wayo. Ni zan kira shi ƙwai mai jin umarni, gama wayon nasa bai wuce haka ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: in an rage haskensa zuwa rabi, shin wutar da yake ci ita ma tana komawa rabi? In kuwa ta ragu, aljihun wa ribar take shiga?

Na zaɓi in auna amsar da ƙasar Rano da Kibiya, domin a can ne mutum zai ga irin zaman da mafi yawan mutanen Jihar Kano suke yi da lantarki. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, maƙwabciyar ƙasar Rano ce. An gina ta ne saboda noman rani da ruwan sha. Injinan lantarki masu ƙarfin megawat 10 da Gwamnatin Jiha ta kafa a gindinta daga baya suka zo, kuma an tsara su ne musamman domin injinan ruwan Tamburawa da fitilun titunan birni. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Wutar da ke shiga garuruwan wannan yanki ta babban layin ƙasa ce, ta hannun kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a watan Nuwamba na 2013. Tun 2020 aka raba layukan wuta aji-aji, daga ajin A mai alkawarin awa 20 a rana har zuwa ajin E mai awa 4. Kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda ana cikin duhu. Saboda haka a unguwa ɗaya a Rano za ka tarar da mai mita, da wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi, da mai janareta, da mai sola da batir. In ka shiga ƙauyukan Kibiya kamar Tarai ko Durba, ko ka nufi Saji da Rurum, za ka ƙara da mai tocila da mai fitilar caji. Ƙwai ɗaya ne, amma lissafinsa ya bambanta a hannun kowannensu.

Kafin mu shiga lissafin sai mu daidaita ma'auni, don kada mu yi ta magana biyu. Wat shi ne ma'aunin saurin cin wuta, kamar ƙarfin zubar ruwa daga bakin famfo. Wat-awa kuwa shi ne yawan abin da aka ci, kamar ruwan da ya taru a tulu. Ƙwai mai wat 10 in ya yi awa 5 a kunne ya ci wat-awa 50. Wat-awa 1,000 su ne yunit ɗaya da mita take ƙirgawa. Haske kuma yana da nasa ma'auni dabam, sunansa lumen. Mun saba mu je kanti mu ce a ba mu mai sittin ko mai ɗari, muna nufin haske, alhali kuwa abincin ƙwan muke faɗa, ba aikinsa ba. Wannan sabo ya samo asali ne daga ƙwai mai zare, irin wanda Edison ya fitar a Amurka a 1879, wanda hasken nasa siririn zare ne da wuta take gasawa har ya yi fari. Mai wat 60 na wannan iri yana ba da lumen kamar 800, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zafi take zama. Masu kiwon kaji sun fi kowa sanin haka, tun da shi suke rataya wa 'yan tsaki saboda ɗumi. Ƙwai mai tanƙwararren bututu da ya biyo bayansa yana ba da lumen 800 ɗin nan da wat kamar 14. Na LED kuwa, wanda ya samu bayan da masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a fitar da shuɗin haske daga ɗan ƙanƙanin dutsen lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, yana ba da wannan haske da wat 9 ko ƙasa da haka. Don a gane tazarar da aka yi, aci-balbal da iyayenmu suka yi karatun dare da ita ba ta wuce lumen 10 da wani abu ba, fitilar ƙwai kuwa 'yan gomiya kaɗan.

Ƙwai mai jin umarni LED ne da aka ƙara wa abu biyu a gindinsa: 'yar ƙaramar kwamfuta da 'yar ƙaramar rediyo. Kamfanin Philips ne ya shahara da shi, sa'ad da ya fitar da samfurin Hue a 2012, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna yin sa, musamman a ƙasar Sin.

To, yaya ake rage haske? A nan akwai wani tsohon zato da ya kamata mu kawar. Dattawan ma'aikatan lantarki sukan ce rage hasken ƙwai ba ya rage kuɗin wuta sosai, kuma a zamaninsu gaskiya suka faɗa. Ƙwai mai zare in ya huce kaɗan haskensa yana faɗuwa da sauri ƙwarai, cinsa kuwa a hankali yake sauka. In ka rage haskensa zuwa rabi, yana nan yana cin kimanin kashi 70 cikin 100 na wutarsa. Duk wanda ya zauna a ƙarshen layi, inda wuta take zuwa ba ƙarfi, ya ga wannan da idonsa: zaren ya yi ja kamar garwashi, ɗaki duhu, mita kuwa tana tafiya abinta. LED ba haka yake ba. Hanya biyu ake bi da shi, kuma manomin rani a Kadawa, wanda ruwan Tiga yake isa gonarsa ta Ruwan Kanya, zai gane su nan da nan. In yana son rabin ruwa, ko dai ya buɗe bakin kwata rabi ya bar ta, ko kuwa ya buɗe ta duka na ɗan lokaci, ya toshe na ɗan lokaci daidai da wancan. Haka kwamfutar ƙwan take yi. Ko ta rage yawan wutar da ke ratsa dutsen, ko ta riƙa kunna shi tana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, saurin da ido ba ya iya bi. In kun taɓa ɗaukar hoton ɗaki da waya kuka ga zane-zane baƙaƙe suna gilmawa, to, kun kama hanya ta biyu tana aiki. Ta kowace hanya aka bi, cin wuta yana sauka kusan daidai da saukar haske. Rabin lumen, kusan rabin wat.

Amma sai a lura da kalmar da na yi amfani da ita. Na ce rabin lumen, ban ce rabin lambar da ke kan waya ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Idon ɗan Adam ba sikeli ba ne. In haske ya ragu, ƙwayar ido tana buɗewa, ƙwaƙwalwa kuma tana cike giɓin. Masanan haske suna da ƙa'ida ta kusa-kusa a kan wannan: in aka rage haske na gaskiya zuwa kashi 25 cikin 100, ido yana ganin kamar rabi ne; in aka rage shi zuwa kashi 10, ido yana ganin kamar sulusi ne. Masu ƙera waɗannan ƙwayaye sun san haka, don haka da yawansu sukan tsara lambar waya ta bi ido, ba ta bi mita ba. Wasu kuwa suna bin mita kai tsaye. Shi ya sa ƙwayaye biyu masu wat 9, in ka sa kowanne a kan 50, ɗaya zai ci kusan wat 5, ɗaya kuwa bai kai 3 ba.

Bari mu ɗauki ƙwai na misali, mai wat 9 da lumen 800, wanda lambarsa take bin ido, mu sauka da shi tsani-tsani. A kan 100 yana cin wat 9. A kan 70 haskensa na gaskiya ya koma wajen rabi, cinsa ya zama kamar wat 4.7. A kan 50 haske ya koma rubu'i, watau lumen 200, ci ya zama kamar 2.6. A kan 30 ya zama kamar 1.3, a kan 10 kuwa kamar 0.6. Ku dubi yadda ribar ta rabu. Matakin farko, daga 100 zuwa 70, wanda mai zaune a ɗaki da ƙyar zai damu da shi, ya ceci fiye da wat 4. Mataki na ƙarshe, daga 30 zuwa 10, wanda ya mai da ɗakin kamar kogo, bai ceci ko wat ɗaya ba. Ribar tana saman tsani. Wanda yake zama cikin duhu-duhu da sunan tattali, wahala kawai yake sha.

Me ya sa lambar ta ƙi sauka ƙasa da rabin wat? Domin kwamfuta da rediyon nan ba sa barci. In ka kashe ƙwan daga waya, haske ne kawai ya mutu, shi kuwa yana nan a faɗake yana jiran umarni, kamar maigadi da ake biya ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba. Wannan cin jira ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Masu kyau suna cin wat 0.2 zuwa 0.5. A cikin na farko-farko akwai waɗanda suka wuce wat 2. Waɗanda ke magana ta Wi-Fi sun fi masu amfani da Zigbee ko Bluetooth ci a galibi. Tarayyar Turai ta ga abin ya isa a yi masa doka, tun watan Satumba na 2021 ta hana sayar da ƙwan da cin jiransa ya wuce rabin wat. Ƙwan da ba a yi shi domin kasuwar Turai ba, wannan doka ba ta hau kansa ba.

Rabin wat ba ya tsorata kowa, sai an haɗa shi da lokaci. A ce ana kunna ƙwan nan awa 5 kowane dare, daga magariba zuwa sha ɗaya da wani abu. In da cikakken haske ne, ya ci wat-awa 45, sa'an nan a sauran awa 19 ya ci 9.5 yana jira, jimla 54.5. Ɗan'uwansa LED na yau da kullum mai wat 9, wanda ake kashewa a bango, 45 kaɗai ya ci. Ashe in ba a rage masa haske ba, mai jin umarni ya fi maras ji ci. In an sauke shi zuwa 50, ya ci 13 a kunne da 9.5 a jira, jimla 22.5, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan ya tafi ne a lokacin da ba ya haska komi. Ƙwai na yau da kullum mai wat 3 kuwa zai ba da wannan haske, har da ɗan ƙari, da wat-awa 15. Wani zai ce, ai sai a kashe shi a bango. Haka ne, amma daga nan ya kurumce, ya zama ƙwai kamar kowane ƙwai, sai tsada.

Yanzu sai mu ɗauki wannan lissafi mu shiga gidajen nan huɗu da na ambata.

Mai mita shi ne wanda masu ƙera ƙwan suke tunani. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na ajin A zuwa Naira 225, daga baya ya tsaya a kan Naira 209.50 a watan Yuli na wannan shekara. Mu yi amfani da wannan farashi, wanda shi ne mafi tsada a lokacin. Bambancin da ke tsakanin wat-awa 45 da 22.5 a rana yunit 8 ne da ɗan kai a shekara, watau wajen Naira 1,700. Wannan ita ce iyakar ribar, kuma sai an yarda da rubu'in haske kullum. Ƙwan kuwa ya ninka na yau da kullum kuɗi sau da yawa. Wanda yake ajin da ya fi araha, ribarsa ta fi haka ƙanƙanta.

Wanda ba shi da mita, kuma a 2024 wajen rabin masu hulɗa da kamfanonin rabon wuta a Nijeriya haka suke, lissafinsa gajere ne. Ko ya rage ko bai rage ba, takardar wata ba ta san ya yi ba.

Mai janareta shi ma bai tsira da komi ba. Ƙaramin injin nan na fetur yana shan mai ne don ya juya kansa kafin ya ba kowa wuta, kuma inji mai wat ɗari shida ko tara ba zai ji an sauke masa wat 6 ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa yake neman hanyar rage shan fetur, amma hanyar ita ce rage awannin da injin yake aiki, ba rage hasken ƙwai ba.

Sai mai batir, kuma a kansa nake so in daɗe, domin a nan ne kowane wat yake da daraja, a nan ne kuma kuɗin gwamnati yake shiga, a asibitocin sha-ka-tafi da makarantun kwana da ofisoshin ƙananan hukumomi. Mai batir ba kuɗi yake ƙirgawa ba, awanni yake ƙirgawa. Dare a wannan yanki tsakanin awa 11 ne da 13 a duk shekara, mu ce 12. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin na darma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Abin da ke hannu ke nan 600. Mu ƙaddara wani ƙaramin asibiti mai ƙwayaye 20, wanda huɗu daga cikinsu suke kwana a kunne: ɗakin haihuwa, ɗakin kwanciya, baranda da wurin magani. In na yau da kullum ne masu wat 9, huɗun nan za su ci 432 kafin gari ya waye, sauran 16 ba su ci komi ba. Batir ya kai asuba da ragowa. In kuwa an sa masu jin umarni, huɗun sun ci 432 ɗin nan, 16 da ake zaton an kashe sun ci 96, na'urar Wi-Fi da ke isar musu da umarni, wadda takan ci wat 6 zuwa 10, ta ci wajen 100. Jimla ta haura 600. Tun ba a sa abin da inbata take ci don kanta ba, wuta ta ɗauke kafin assalatu. To, a ce ma'aikaciyar jinya ta yi dabara ta sauke huɗun zuwa 70. Cinsu ya koma 226, jimla ta zama wajen 420. Watau ta sadaukar da rabin hasken asibitin don kawai ta dawo inda ƙwayaye marasa wayo suke tsaye da cikakken haskensu. Ban ga cinikin da ya fi wannan faɗuwa ba.

Akwai kuma haɗari a cikin wannan dabara tata. Idon da ya saba da ɗaki zai ce haske ya isa, amma aikin da ake yi da ido bai yarda ba. Ma'aunin hasken da ya sauka a kan tebur shi ne luks, watau lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Karatu da rubutu suna buƙatar luks 300 zuwa 500, ɗinkin rauni da neman jijiya sun fi haka, baranda kuwa 100 ya ishe ta. Wanda ya ga 50 a waya ya ɗauka rabin haske yake da shi, alhali rubu'i ne, yana iya karanta 5 a kwalbar magani inda aka rubuta 0.5.

Ga wani abu kuma da ba a rubuta shi a jikin kwali. An ƙera waɗannan ƙwayaye ne a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, inda yankewar wuta da dawowarta ke nufin mutum ya taɓa makunni yana son haske. Saboda haka da yawansu, in wuta ta dawo, sai su tashi da cikakken haske, ko da a kashe aka bar su. A ƙasar da ake kawo wuta ƙarfe biyu na dare, maigida zai farka ya tarar da gida kamar filin biki, in kuma ba ya nan su kwana suna ci. Wasu samfurori suna da wurin gyara wannan hali a cikin waya, sai a nema. Bugu da ƙari, hanyar da ake goge ƙwaƙwalwar yawancinsu ita ce a kunna a kashe sau uku ko biyar a jere. Wutarmu takan yi wannan aiki da kanta ba a sa ta ba, sai ƙwai ya wayi gari ya manta ubangidansa.

Kada a ce na yi wa rage haske rashin adalci. Yana da amfani guda wanda ya fi muhimmanci a ƙasarmu fiye da Turai. Babban abokin gaban LED zafi ne, kuma kayan lantarkin da ke gindinsa su ne suke fara gajiya. A watan Afrilu, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40 a inuwa, ƙwan da ke maƙale a ƙarƙashin rufin kwano yana cikin tanda ne. Wanda aka sauke zuwa 70 ya fi sanyi, ya kuma fi daɗewa. Sa'an nan rage haske ya riga ya shiga ƙauyukanmu ta ƙofar da ta dace da shi, ba tare da waya ko intanet ba. Fitilar caji da ta sola mai mataki uku, wadda mai shayi da mai tsire da ɗalibi suke amfani da ita, wannan ka'ida take bi. In batirinta wat-awa 10 ne, a mataki na sama mai wat 2 za ta yi awa 5, a na ƙasa mai rabin wat za ta yi 20, in an kashe ta kuma ta kasu. Yarinyar da ke sayar da ƙosai a tasha ta san wannan lissafi ba tare da ta zo lacca ba. Haka nan fitilun titi masu sola. Masu kyau daga cikinsu ana tsara su su ba da cikakken haske da farkon dare, su sauka bayan tsakar dare, wasu kuma su ɗaga in sun ji motsi. Wannan tsari shi ne yake kai su asuba a lokacin hunturu, sa'ad da hazo da ƙura suka rufe faifan sola, da kuma watan Agusta mai hadari. In kun ga fitilar titi tana mutuwa ƙarfe ɗaya na dare, kafin a zargi batir sai a tambaya ko an tsara ta, a kuma hau a share faifan.

Akwai ma wata hanyar da ta fi duk waɗannan araha, ita ce tazara. Hasken da ke sauka a kan littafi yana ninkuwa huɗu in an rage nisan fitila zuwa rabi. Ƙwan da ke mita biyu sama da tebur, in aka sauko da shi zuwa mita ɗaya, mai wat 3 zai yi wa ɗalibi aikin da mai wat 12 yake yi a can sama. A ɗakunan karatun dare na makarantun kwana, igiyar waya mita ɗaya ta fi kowace manhaja aiki.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila a sashen ayyuka da sashen lafiya, roƙona shi ne a daina rubuta wat shi kaɗai. A rubuta lumen da ake so a kowane ɗaki, a rubuta iyakar wat da za a yarda da shi, in kuma akwai dalilin sayen mai jin umarni, kamar zauren taro ko masaukin baƙi, a rubuta cewa cin jiransa kada ya wuce rabin wat, a kuma sa masa makunni a bango. Kada a haɗa shi da tsohon marage-haske na bango, irin mai murɗawa, domin ba a yi su don juna ba, ƙwan zai yi ta ƙyaftawa har ya lalace. Ɗakin haihuwa da wurin magani kuwa a bar su da ƙwai na yau da kullum, da makunnin da ungozoma za ta iya bugawa da gwiwar hannu in hannuwanta ba su da tsabta. Kafin a biya ɗan kwangila a zaro ƙwai ɗaya daga kwali a auna shi, gama ba duk abin da aka buga a jikin kwali ne yake cikin ƙwai ba.

Wannan awo kuwa aikin ɗalibanmu ne na sashen kimiyya da injiniya, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Ana sayar da 'yar ƙaramar mita da ake sokawa a soket, wadda take nuna wat kai tsaye. A auna ƙwan a kan 100, da 70, da 50, da 30, da 10, da kuma a kashe daga waya. A auna fari, a auna ja da shuɗi, domin masu launi suna ba da lumen kaɗan ƙwarai in an kwatanta da fari. A guji auna amfiya kaɗai a ninka da bolt, saboda ƙananan ƙwayayen LED ba sa jan wuta sumul, lissafin yana iya ninka gaskiya kusan biyu, ko da yake wannan lamba tana da amfani wajen sanin nauyin da inbata take ɗauka. Kuma tun da mitoci masu araha ba su da tabbas a ƙasa da wat ɗaya, in an zo auna cin jira sai a jera ƙwayaye goma a layi ɗaya, a karanta jimlarsu, a raba gida goma.